Sunan da Na Haɗiye a Gaban Bature

Fagge, Kano.

Zuwa ga ɗana Usman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya kai jirgin ƙasan da ka hau birnin Ikko lami lafiya, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya haɗa ka da mutanen kirki a wurin koyon aikin da za ka. Amin.

Na san za ka yi mamakin tsintar takarda a aljihun kwat ɗinka, alhali kwana da kwanaki muna zaune a zaure ɗaya ban ce maka komai ba sai "ka riƙe salla." Bakina ne ya kasa. Abin da ke cikina ba na iya faɗarsa ina kallon idonka, shi ya sa na rufe shago tun hantsi na ɗauko alƙalami da ɗan bokon da na samo a ajin yaƙi da jahilci. In ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri, da allura hannun ya saba. Ba labarin gida zan ba ka ba, yanzu ka baro shi. Laifina zan faɗa maka, kuma a ƙarshe akwai aikin da nake roƙon ka yi mini.

Ka tuna Ibe, telan nan Ibo na Sabon Gari, wanda kuke ce wa Baba Ibe kuna ƙanana. Ka ga ya daina zuwa ƙofar gidanmu yau shekara biyar, ba ka taɓa tambayata dalili ba, ni kuwa na ji daɗin rashin tambayar. To ga dalilin.

Kakanka da ya zo daga Barno ɗinkin babbar riga da jamfa ya koya mini, kuma wallahi ya iya. Amma zamani ya juya, masinjoji da akawuna da direbobi duk suka koma kaki, ni kuwa ban san inda ake sa almakashi a wandon Bature ba. Na taɓa yanka wa wani akawu wando, da ya saka sai ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, gindin kuma ya tattare kamar bakin jaka. A gaban mutane ya tuɓe ya jefa mini. Ana cikin haka keken ɗinkina ya lalace, aka ce mini akwai wani tela a Sabon Gari mai gyaran keke, na ɗauka na kai. Wandon nan na naɗe kan keken da shi don kada ya ƙwarzane. Ibe ya warware, ya ɗaga shi sama, ya juya gaba ya juya baya, ya yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ya ce mini da Hausarsa ta wanda ya daɗe a Kano, "Malam Bukar, hannunka yana da kyau, ɗinkin nan babu laifi. Yankan ne ba ka sani ba. Ka riƙa zuwa Talata da Alhamis bayan la'asar."

Shekara biyu ina zuwa. Shi ya koya mini riƙe tef, da zana yadi da alli kafin a yanka, da kafa kwala ta tsaya, da bakin aljihu. In na ɓata sai ya miƙo mini reza ya ce in farke, ko sau nawa ne. In lokacin magariba ya yi shi yake tuna mini, har buta ya saya ya ajiye a bayan shagonsa saboda ni. Bai taɓa neman komai a wurina ba.

Ga kuskurena na farko. A shekara biyun nan ban taɓa shiga Sabon Gari ta babbar hanya ba. Ta bayan kasuwa nake zagayawa, in wani ɗan Fagge ya gan ni in ce zare na zo saye. Da wanduna suka fara fita da kyau daga shagona, teloli suka riƙa tambayata inda na koya, sai in gyara zama in ce, "Ai ido ne, in ka ga abu sau biyu ka iya." Kai, Usman! Ina rubuta wannan kunya tana cina. Inda za ka, masu koya maka aiki Yarabawa ne da Ibo da Turawa, da yawansu ba sa salla irin taka, ba sa cin abin da kake ci. Wanda duk ya kama hannunka ya nuna maka aiki malaminka ne. Ka shiga wurinsa ta ƙofar gaba, in ka gamu da shi a titi kana tare da 'yan garinku ka tsaya ka gaishe shi, in sun tambaye ka ka ce musu wannan shi ya koya mini.

Sai shekarar tashin hankalin nan ta zo, wadda aka zubar da jini tsakanin Fagge da Sabon Gari. Kana da wayo a lokacin, ba sai na tuna maka ba. Allah ya tsare mu, ya tsare Ibe da iyalinsa, amma wata uku ban taka wajensu ba, shi ma bai tako namu ba. Bayan ƙura ta lafa, wani kamfanin Turawa mai sayen gyaɗa da fata ya aiko a kira ni. Manajan ya ce an ba shi shawara ya riƙa ba 'yan ƙasa aiki, don haka kayan masinjojinsa da masu gadinsa ni zan riƙa ɗinkawa, in samfurin da zan kawo ya yi masa. Na fito ina murna, sai a bakin ƙofa akawunsu ya faɗa mini wanda aka karɓe aikin daga hannunsa. Ibe ne, shekara takwas yana yi musu.

Na yanka samfur sau biyu yana ƙi. Rigar masinja tana da aljihu huɗu masu murfi da ɗamara a baya, ban taɓa yin irinta ba. Kwana uku suka rage, ba yadda zan yi, na naɗe yadi na nufi Sabon Gari. Na same shi yana guga. Na faɗa masa gaskiya, ina jiran ya kore ni. Ya ajiye dutsen gugar, ya ce, "Na ji tun makon jiya. Tunda dole aikin ya bar hannuna, gara ya faɗa naka da ya faɗa na wanda zai ɓata wa mutane yadi. Kawo." A kan teburinsa, da almakashinsa, ya yanka samfurin da aka karɓe masa abinci da shi. Ya kuma yanka mini irinsa a takarda mai kauri don in riƙa ɗorawa. Takardun nan suna rataye a shagona har yau, su ne kake gani a jikin ƙusa.

Bature ya ga samfur ya yaba. Da na gama kayan duka ya ce za a yi ɗan taro a farfajiyar kamfani, masinjoji su jeru cikin sabon kaki a ɗauki hoto, a gayyato manyan Fagge su gani da idonsu cewa ɗan ƙasa ya iya. Akawu ya ce ana so in yi 'yar magana, akwai tafinta. Ni kuwa girman kai ya ce mini da Turanci zan yi, don a san Bukar ba ƙaramin mutum ba ne. Wa zai koya mini? Na sake komawa wurin Ibe.

Jimla uku ya shirya mini, gaisuwa ɗaya, bayanin aiki ɗaya, ta ukun ita ce ta godiya. A cikinta akwai wasu kalmomi biyu da Turawa ke yawan faɗa, "tankis tu," na rubuta yadda kunnena ya ji, kai ka san yadda suke. Ya ce mini ba "na gode" kawai suke nufi ba. In abu ya yiwu albarkacin wani, wanda ba don shi ba da bai yiwu ba, to su ake sawa a gaba, sunansa ya biyo baya. Ya ce, "Ba sa tsayawa su kaɗai, Malam Bukar, dole ka sa musu suna. Ka fara da Allah, sannan Manaja, shi ke nan ka zauna." Na ce masa a'a, akwai na uku, sunanka zan sa. Ya kaɗa hannu ya ce in bar shi, lokacin bai dace ba. Ni na nace. Ni na dafa ƙirji na ce wallahi sai na faɗa, kowa ya ji. Mako guda ina maimaita jimlar nan a kan keke, ƙafa tana taka, baki yana faɗa, da sunansa a ƙarshe.

Ka lura da wannan, ɗana. Mutumin nan bai roƙe ni ba, ni na ɗauki alkawari na ɗora wa kaina don in ji daɗin ganin fuskarsa a lokacin. Kada ka yi wa mutum rantsuwa a cikin shago kan abin da ba ka auna ko za ka iya yi a fili ba. Da na yi shiru tun farko da bai rufe shagonsa ya zo ba.

Ya zo. Da safe ne, wajen ƙarfe goma. Ya sa fararen kayansa na zuwa coci, matarsa tana gefensa da ɗaurin kallabi, suka tsaya can baya kusa da ƙofa don ba a ajiye musu kujera ba. A gaba kuwa manyan unguwarmu ne a zaune, cikinsu har da wani Alhaji da aka ƙone wa rumfa a rikicin, wanda ya taɓa ce mini a masallaci, "Bukar, an ce ka zama yaron Ibo." Na miƙe. Jimla ta farko ta fita, ta biyu ta fita, Bature yana gyaɗa kai. Na zo ta uku na ce tankis tu, na ambaci Allah. Na sake cewa, na ambaci Manaja. Na faɗa a karo na uku, sunan Ibe yana kan harshena, sai idona ya faɗa cikin na Alhajin nan. Ba ya jin Turanci, amma suna ai ba ya bukatar tafinta. Na haɗiye sunan, na ce "mahaifina."

Mahaifina, Usman, Allah ya jiƙansa, wanda har ya koma ga Allah bai taɓa sa almakashi a kaki ba. Tafinta ya juya da Hausa, manya suka ce madalla, ɗa na gari, aka yi tafi. Na hango Ibe shi ma yana tafi. Duk farfajiyar nan, in ka cire Bature, babu wanda ya fi shi sanin abin da na faɗa, tunda shi ya ɗora mini kalmomin a baki ɗaya bayan ɗaya. Da aka watse ya ratso mutane ya miƙo mini hannu, ya ce, "Ka faɗa daidai, Malam Bukar, babu kuskure ko ɗaya." Matarsa ba ta dube ni ba. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma na tsaya aka ɗauki hoto ina murmushi.

Ban san irin taron da za a tsayar da kai a gaba ba, amma za a tsayar da kai, tunda ka yi karatu. Ranar da aka ce ka faɗi yadda aka yi ka kai inda ka kai, ka faɗi sunan da yake na gaskiya, ko da duk wanda ke zaune a gaba zai ɓata rai. Ɓacin ran Alhajin nan da bai wuce kwana biyu ba. Ya rasu bara, kuma na tabbata bai taɓa sanin an yi wani abu dominsa a ranar ba. Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne ranar da takardar ɗaukarka ta zo, na ji ka a soro kana ce wa abokanka, "Ba wanda ya tsaya mini, ƙoƙarina ne." Muryata na ji a bakinka. Ban tsawata maka ba saboda ba ni da bakin yi.

Kuskure na gaba ya fi wancan muni, don shi ba a cikin ruɗewa na yi shi ba. Wanda ya yi laifi da safe yana iya zuwa da yamma ya ba da haƙuri. Ni ban je ba. Na ce sai gobe, in na sami abin faɗa. Gobe ta zama mako, mako ya zama wata, daga nan kuma sai kunyar rashin zuwan ta fi kunyar laifin. Na koma sayen zare a cikin birni don kada mu haɗu. Sau ɗaya na hango shi a bakin kasuwa yana tahowa, na faɗa rumfar mai tukwane na tsuguna ina taya tukunyar da ba na so, har ya wuce. Ni da gemuna! Tun kafin taron nan Ibe ya yi alkawarin koya mini yankan kwat, shi ne darasin da ya rage, shi ya sa har yau ubanka tela ne amma bai iya kwat ba. In ka ɓata wa mutum, ka je a ranar, ko ba ka san abin da za ka ce ba. Ka je ka tsaya a gabansa, maganar za ta zo.

Yanzu ka duba kwat ɗin da ke jikinka. Da aka rubuto cewa dole ka zo da kwat, na ce wa innarka zan nemi wanda zai ɗinka. Ta ce in bar mata. Ashe duk shekarun nan matar Ibe ba ta daina shigo mata da manja ba, su mata ba su yanke zumuncinsu ba, mu ne maza muka yanke. Mako uku da suka wuce innarka ta ce mini, "Malam, idon Ibe ya yi rauni, ba ya ganin ramin allura, za su koma garinsu gaba ɗaya. In kana da magana da shi ka je." Na ce to. Na ce bari in gama kayan da ke hannuna. Na ce bari Juma'a ta wuce.

Ranar Laraba ta miƙo mini kwat a naɗe. Na juya cikinta kamar yadda kowane tela zai yi, ina ganin bakin aljihun na gane hannun. Ba wanda ke ɗaure ƙarshen zare haka a Kano sai shi. Ka duba ƙarƙashin hannun hagu, za ka ga layin ɗinkin ya ɗan kauce sannan ya dawo. Ibe da na sani da ya ga haka a aikina reza zai miƙo mini. Bai gani ba ne. Na zauna a kan keke da kwat a cinyata na yi kuka, innarka ta fita ta ja mini ƙofa.

Washegari na sa riga na shiga Sabon Gari, ta babbar hanya, karo na farko. Na isa shagon na tarar da wani mai gyaran takalma a ciki yana buga ƙusa. Na tambaye shi Ibe, ya ce ai sun hau jirgin Litinin, shi da matarsa da kekensa. Ya ce kwat ɗin wani yaro ɗan Fagge ce ta tsayar da shi, da tun makon da ya wuce ya tafi. Na tsaya a ƙofar nan ban san tsawon lokacin da na yi ba, har mutumin ya miƙo mini benci. Kwana uku kawai na makara, bayan shekara biyar. Wani maƙwabcinsu ɗan cocinsu ya tausaya mini ya rubuta mini adireshin garinsu, ita ce 'yar takardar da na haɗa da wannan. Ka adana ta kamar tikitinka.

Ga roƙona. Ni ban iya rubuta Turanci ba, jimla uku na taɓa iyawa a duniya, ta ukun kuma na ɓata ta. Ibe kuwa ba ya karanta Hausa. In ka sauka Ikko, kafin ka rubuto mana, kafin ka nemi inda ake sayar da tuwo, ka sayi takarda da kan sarki ka rubuta masa da sunana. Ka fara da kalmomin nan biyu da ya koya mini, ka sa sunansa a bayansu, shi kaɗai, kada ka haɗa shi da kowa. Ka ce albarkacinsa Bukar na Fagge ya iya yanka kaki, albarkacinsa na sami aikin da na ciyar da ku, na sa ka a makaranta. Ka ce samfurin da Bature ya yaba shi ya yanka, kuma aikin nasa ne aka ba ni. Ka ce a ranar taro tsoro ne ya kama ni na yi ƙarya, na kuwa san ƙarya nake yi. Kada ka gyara mini maganar don ta yi daɗi, kada ka ce mantuwa ce.

Tunda idonsa ba ya gani, wani ne zai karanta masa. Ka rubuta a saman takardar cewa ina roƙo kada a karanta masa a ɗaki. A tara 'ya'yansa da 'yan'uwansa da maƙwabta, matarsa tana wurin, a karanta da ƙarfi. A gaban jama'a na hana shi, a gaban jama'a nake so a ba shi. Ni ma ranar Juma'a in an idar da salla zan faɗa a majalisar teloli, da Hausa, kowa ya ji, duk da na san da yawansu za su yi mini dariya.

Ka sa adireshinka don amsa ta same ka. In ta zo ka juya mini ita da Hausa yadda take, ko zagi ne kada ka rage. In kuma wata uku suka wuce ba ta zo ba, ka sake rubutawa, don ban san kwana nawa suka rage masa ba, ban san nawa suka rage mini ba.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya buɗa maka aikin da ka je koyo, ya ba ka ƙarfin zuciyar da ubanka ya rasa. Innarka tana sa maka albarka, ƙannenka suna gaishe ka. Ka yi mini addu'a Allah ya sa takardar ta riski Ibe da ransa. Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Bukar Tela